Kumandan Almustafa da Surukinsa a Sama

Rabon Kumandan Almustafa da riƙe sandar jirgi tun gemunsa na baƙi. Da ya aje kaki sai ya koma Takanamat, ga awaki, ga ƴar gonar hatsi, yana zamansa. Ana nan sai labari ya iske shi cewa makanikan soja sun tada tsohon jirginsa, ɗan ƙaramin nan mai farfela guda da ya riƙa kai magani arewa da shi shekarun fari. Aka ce ya zo Tawa ya gani. Shi kuwa ya ce ba kallo zai kai shi ba, tuƙawa zai yi.

Aka yi ta kai da komo. Daga ƙarshe manya suka yarda, amma matuƙi mai aiki zai zauna gefensa, in ya ga abin da bai yi masa ba ya karɓe sandar. Karɓewar nan ita ta tsaya wa tsoho a rai. Bai taɓa tada jirgi wani ya sauke masa ba, kuma ba ya so a fara yanzu, gaban mutanen garinsu da suka ciko mota don su shaida.

Matuƙin da aka ba shi kuwa Liyetna Souleyman ne, mijin ɗiyarsa ta fari, Lalla. Tun da aka ɗaura aure bawan Allahn nan bai taɓa haɗa ido da shi ba.

Suka shiga, kafaɗa na gugar kafaɗa. Almustafa ya ɗora kask, abin jin magana na matuƙa, bisa rawani, sai makirho ya ƙi ɗaukar muryarsa ta cikin ƙyalle. Dole ya sauke amawali, bakinsa ya fito fili. Souleyman ya yi maza ya kau da kai, don a al'adarsu abin kunya ne mutum ya ga bakin surukinsa.

Injin ya yi tari, ya kama. Suka ɗaga. Hannun tsoho bai manta kome ba. Ya kwantar da fiffike bisa kasuwar dabbobi, ya miƙa wajen Kalfu, gonaki kore shar a ƙasa, tafkuna na walƙiya tsakanin duwatsu. Ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Wajen sauka ne ido ya ƙi. Alluran da ke gabansa suka haɗe, suka zama hazo. Ya saurara ya ji na gefe ya faɗa masa gudu da nisa, kamar yadda ake yi. Shiru. Ya waiga, ashe har yanzu fuskar Souleyman na wajen taga.

"Liyetna!"

"Na'am, Baba."

"Mi kake kallo can? Raƙuma aka aiko ka ƙirga?"

"A'a, Baba. Bakinku ne a buɗe."

"To bakina ne zai sauke mu? Allurar nan ba ni ganin ta. Juyo ka karanta mini."

Souleyman ya juyo. Yana ganin yadda gudu ya ragu sai hannunsa ya nufi sandar.

"Ido na roƙa," in ji tsohon. "Hannu ina da nawa."

Hannun ya tsaya, ya koma bisa gwiwa. Souleyman ya fara karantawa ƙasa-ƙasa, kamar mai gaisuwar ta'aziyya. Da katangar filin jirgi ta taso musu sai kunya ta sake shi.

"Ƙara wuta! Ƙara wuta na ce! Sauke hanci! Riƙe nan, kada ka motsa!"

Almustafa ya bi, daki-daki. Tsawar nan ta yi masa daɗi har cikin ƙashi. An daɗe ana yi masa magana kamar wanda zai karye.

Tayoyi suka taɓa ƙasa, suka yi tsalle kaɗan, suka lafa. Ya ja jirgin har gaban jama'a ya kashe. Mata suka ɗauki guɗa.

Lalla ce ta fara isowa gindin ƙofa. Ta dubi mijinta, ta dubi ubanta.

"Tsakaninku da Allah, wa ya sauke shi?"

Souleyman ya sunkuyar da kai.

"Ni na sauke shi," in ji Almustafa, yana neman inda zai sa ƙafa. "Mijin nan naki kuwa, ashe yana da murya. Kawo mini ruwa."