Filin da Labaran Ya Sani

Kamfanin biskit ɗin da Labaran yake wa aiki gida biyu ne. A Challawa ake gasa biskit a zuba shi a kwali, sito kuma yana Bompai, inda manyan motoci suke ɗauka su raba wa kasuwanni. Mutanen gidajen biyu ba sa shiri. 'Yan Bompai suna cewa 'yan Challawa ba sa fitar da kaya a kan lokaci, 'yan Challawa kuma suna cewa direbobin Bompai barci suke yi a ƙarƙashin mota. Yawancinsu ba su taɓa ganin juna ba, murya kawai suka sani a waya, ita ma sai in faɗa ya tashi.

Da aka kawo Hajiya Badi'a ta riƙe ofishin kula da ma'aikata, ba ta daɗe ba ta gaji da raba rigima. Ta shawo kan manaja ya yarda a ware wata Asabar, a yanka raguna, a fita fili a yi gashi, kowa ya ci da kowa. Ta ce tana son mutum ɗaya daga kowane gida su shirya abin. Daga Bompai aka ba ta Sadiq, mai tsara fitar motoci. A Challawa kuwa Labaran ta fara kira, don shi ne shugaban masu zuba kaya a kwali, kuma ɗan garin ne, a nan aka haife shi.

"Hajiya, ni ban iya zirga-zirga ba," in ji Labaran. "Ku ba Muhyiddeen. Yana da haƙuri da mutane, kuma ba ya mantuwa."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Muhyiddeen mutumin Ringim ne, kuma Labaran ne ya yi masa hanya ya sami aikin. A shagon ƙofar gidan Labaran ya zauna har ya yi aure ya kama haya. Yaya yake ce masa. Duk ranar aiki tare suke cin abincin rana a rumfar wata mai shinkafa da wake a bakin get, kuma in ana neman ɗaya, ɗayan ake tambaya.

Satin farko Labaran daɗi ya ji. Muhyiddeen yakan zo rumfar da labari: an sami mai ba da hayar kanofi, matan sashen alewa sun ce su za su yi dafa-duka da zoɓo, mai gadi ya ce shi sai an ajiye masa hanta. Amma a hankali labarin ya koma na mutum ɗaya. Sadiq ya ce a sayo ragunan a ƙauye. Sadiq ya san wani mai gawayi. Sadiq ya kwaikwayi muryar manaja a waya har Muhyiddeen ya ƙware da ruwa.

"Wai shi Sadiq ɗin nan ba shi da aikin yi ne?" Labaran ya tambaya wata rana.

"Yaya, ba ka san shi ba ne. Ka gan shi za ka so shi."

Wayar Muhyiddeen ta yi ƙara kafin Labaran ya ba da amsa. Muhyiddeen ya duba, fuskarsa ta washe, ya tashi da cokali a hannu ya koma gefe. Labaran yana jiyo dariyarsa. Irin dariyar nan ce da yake yi har ya dafa bango, wadda Labaran ya ɗauka shi kaɗai ya iya fito da ita. Shinkafar Muhyiddeen ta huce, mai abinci ta rufe ta da faranti.

Daga nan sai Muhyiddeen ya fara rasa cin abincin gaba ɗaya. Hajiya Badi'a ta ba shi izinin fita, sai ya hau motar kaya ya tafi Bompai mitin. Labaran yakan zauna shi kaɗai, masu wucewa suna tambayarsa ina ƙanin nasa. Ya ce yana wurin aiki. Wani direba ya ce masa, ba da wata manufa ba, "Ai na gan su jiya a Hotoro shi da Sadiq, gidan su Sadiq ɗin suka ci tuwo." Labaran ya ce madalla, ya biya mai abinci bai cinye ba.

Ana saura kwanaki kaɗan, da safe, Muhyiddeen ya shigo sashen kwali da baƙo. Dogo ne, siriri, mai fara'a, ya miƙo hannu biyu.

"Malam Labaran, yau dai na gan ku. Ni ne Sadiq."

Labaran ya so ya sami abin ƙi a jikinsa, bai samu ba, wannan ya ƙara ɓata masa rai. Suka ce sun sami fili, suna so ya zo ya gani. Suka zaga bayan katangar kamfanin. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ga bishiyoyin darbejiya sun yi layi, ga inuwa, ga wurin ajiye motoci. Da sanyin safiyar nan babu abin da ya fi shi daɗi.

Labaran ya san filin tun yana yaro, gonar kawunsa tana gaba kaɗan. Ya san bayan bishiyoyin akwai kwatar da ruwan kamfanonin jimar fata yake bi. Da safe ba a jin komai. Amma in rana ta take, iska ta juyo daga can, ko masu kiwo janye dabbobinsu suke yi.

"Sadiq ne ya hango shi daga kan mota," in ji Muhyiddeen. "Na ce masa ba za mu tsayar ba sai Yaya ya gani. Ya ka gani?"

Maganar tana bakin Labaran. Ya dubi Muhyiddeen, ya ga hannunsa a kafaɗar Sadiq, su biyun suna jiran yabo kamar yaran da suka share tsakar gida.

"Fili ne mai kyau," ya ce.

Da ya koma gida da yamma, matarsa Kulu tana tankaɗe a tsakar gida. Ta lura kwana biyu ba ya ambaton Muhyiddeen, yau kuma ya ambace shi sau da yawa, duk da ƙorafi. A cikin ƙorafin ne ya faɗi inda za a yi taron. Kulu ta ajiye rariya.

"Bayan katanga? Kusa da gonar Kawu? Maigida, ai wurin nan ba ya zaunuwa da rana."

"Su suka zaɓa."

"Ka gaya musu?"

"Ba ni aka sa ba. Akwai masu shiri."

Ta dube shi. "Yaron nan da ya zauna a gidan nan, ko ruwa ba ya sha sai ya tambaye ka. Don ya yi aboki shi ne za ka bar shi ya ji kunya a gaban mutane?"

"Wa ya ce miki don ya yi aboki ne?"

Kulu ta ɗauki rariyarta ta ci gaba. Labaran ya yi niyyar kiran Muhyiddeen bayan sallar magariba. Ya ɗauko wayar, sai ya ga Muhyiddeen ya sa hoto a dandalin ma'aikata: shi da Sadiq a kasuwar dabbobi, kowa riƙe da ƙahon rago. Ya mayar da wayar aljihu.

Ranar Asabar tun da hantsi filin ya cika. An kafa kanofi, na mata daban, an jera kujerun roba. Hajiya Badi'a ta hana kowa zama da mutanen gidansu, ta cakuɗa direbobi da masu injin, 'yan lodi da masu kwali. Da farko kowa ya yi tsit yana danna waya. Labaran aka ba wa wuta, don an san hannunsa a gashi. An yanka duro gida biyu an zuba gawayi an ɗora wayar gashi, shi da wasu mutum biyu suna juya tsire, suna barbaɗa ƙuli da yaji. Muhyiddeen da Sadiq suna ta kai da kawo cikin riguna iri ɗaya da kamfani ya ɗinka wa masu shiri. Duk wucewar da za su yi sai Labaran ya bi su da ido.

Bayan an idar da sallar azahar iska ta juya.

Matan ne suka fara ji, suka ja mayafi suka toshe hanci. Sai abin ya iso kanofin maza, wari mai nauyi, na ruɓaɓɓiyar fata da magani, ya danne ƙamshin naman gaba ɗaya. Wani ya ajiye farantinsa. Manaja ya fito da hankici. Wani ɗan Bompai ya ce da ƙarfi, "To, 'yan Challawa, wannan ce tarbar?" Aka yi 'yar dariya mara daɗi.

Labaran ya dubi Muhyiddeen. Yana tsaye a tsakiyar fili, ya rasa inda zai sa hannunsa, Hajiya Badi'a tana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Labaran ya daɗe yana hango wannan lokacin a ransa, ya zaci zai ji sanyi. Abin da ya ji kawai shi ne zafin gawayi a fuskarsa.

Sadiq ne ya hau kan kujera. "Jama'a, laifina ne, ni na zaɓi filin nan, ni baƙo ne ban san unguwar ba. Direbobi, ku tayar da motoci. Harabar gaba za mu koma."

Nan fa wuri ya hargitse. Aka juyo da motoci biyu, 'yan lodi suka hau, masu injin suna miƙa musu kujeru. Mata suka ɗauki tukwane bibbiyu, 'yar Bompai a kunne ɗaya, 'yar Challawa a ɗayan. Kanofi ba a kwance shi ba, mutane suka kama ƙafafunsa suka tafi da shi a tsaye, wani yana gaba yana ba da hannu kamar ɗan sanda. Durorin wuta ne suka fi wuya. Aka zura katako a ƙarƙashi, direban da aka fi zagi a waya da mai injin da ya fi zaginsa suka kama gefe ɗaya, suna tafiya suna gardamar wa yake sakin nasa. Kafin a kai harabar gaba, inda ginin kamfanin ya tare iskar, kowa ya san sunan na kusa da shi.

Taron ya yi daɗi fiye da yadda aka tsara. Aka ci, aka sha, aka buga ƙwallo da 'yan Bompai da 'yan Challawa a ƙungiya ɗaya. Bayan la'asar manaja ya kira Muhyiddeen da Sadiq gaba, ya ce irin haɗin kan da yake so ke nan, aka tafa musu. Labaran ma ya tafa, da tsinken tsire a hannu. Ya ga Sadiq ya rungumo Muhyiddeen, sai shi Labaran ya sunkuyar da kai ya ci gaba da juya naman da ya riga ya gasu.

Ana kwashe kaya Muhyiddeen ya zo ya tsaya kusa da shi. Ya ɗauki ruwa yana yayyafa wa gawayin.

"Yaya, wani dattijo mai gadi ya ce min gonar kawunka tana bayan filin can."

"Haka ne."

"To ka san da warin."

Labaran ya so ya ce ya manta, ko ya ce ba kullum ake yi ba. "Na sani," ya ce.

Muhyiddeen bai ɗaga murya ba. "Me na yi maka?"

"Ba ka yi min komai ba."

"Na kawo ka ka gani don na san ba za ka bari in faɗa rami ba. Sadiq ma cewa ya yi tunda Yayanka ya yarda, shi ke nan." Ya ajiye robar ruwan. "Ba zan gaya masa ba. Ba zan gaya wa kowa ba."

Aka kira shi daga wajen mota, za a mayar da kujeru da kanofi Bompai. Ya tafi bai waiwayo ba, ya shiga gaba kusa da Sadiq.

Labaran ya koma gida da ƙunshin nama a takarda. Yara suka yi murna. Kulu ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce an tashi lafiya, kowa ya ji daɗi. Ta ce da warin fa? Ya ce an canja wuri. Ba ta ƙara tambaya ba, ta raba wa yara naman, ta ajiye masa nasa, bai taɓa ba.

Ya fito daga masallaci bayan magariba wayarsa ta yi ƙara. Muhyiddeen ne.

"Yaya, mun gama saukewa. Ina bakin sito, ga mutane cunkus a titi, duk A Daidaita Sahun da ya zo a cike yake. Ko za ka zo ka ɗauke ni?"

Daga Challawa zuwa Bompai sai an ratsa gari gaba ɗaya, su biyun sun sani. A bayan muryar Muhyiddeen, Labaran yana jiyo Sadiq yana ba wasu labari ana dariya, kuma har yanzu dariyar tana sukarsa.

"Shi Sadiq ba zai kawo ka ba?"

"Ya ce zai kawo ni. Ni kai na kira."

Labaran ya juya ya nufi gida.

"Ka tsaya a bakin get inda zan gan ka," ya ce. Ya shiga gida ya ce wa Kulu ta miƙo masa makullin babur.