Fentin Igwar Romaniya

Yayana Harrison ya haura arba'in, yana da mata da 'ya'ya da aikin banki, amma abin da ya sa a gaba shi ne 'yan sojojin roba da ba su kai ɗan yatsa ba. Duk Asabar sai su taru a Narayi, shi da wasu ƙattin banza irinsa, su jera su a tebur, su jefa ɗan ludo, wai suna maimaita yaƙin da Romaniya ta yi da Turkawa tun kakanninmu ba su ga Bature ba. Tir!

Daga gidansa a Mahuta zuwa Kakau, inda nake jinyar mahaifinmu Baba Ishaya, ko ɗan acaɓa ba ya tsawwala kuɗi. Amma tun da idon Baba ya mutu, Harrison bai taka gidan nan ba. Kullum Baba na kan kujera a bakin ƙofa, ya ji ƙarar mota sai ya ce, "Celina, duba ko shi ne." Ni kuwa na gaji da cewa ba shi ba ne.

Kwatsam ran nan sai ga shi da burodi a leda. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Baba ya riƙa shafa masa fuska, har da hawaye. Ni haushi ya hana ni ko ba shi ruwa.

Ai kuwa ko gaisuwa ba a gama ba Harrison ya zaro wata 'yar igwa daga kwalin ashana.

"Baba, da ka je Romaniya koyon gyaran tarakta, ka shiga gidan tarihin sojojinsu?"

Daga nan ya ɓalle da surutu. Wai ya yi wata da watanni yana bincike, ya san a Jamus aka ƙera igwar, ya san dawakai nawa ke janta, har ya yi musu da wani Bature a intanet kan faɗin ƙafarta. Abu ɗaya ya gagare shi: hotunan zamanin duk baƙi da fari ne, bai san kalar fentin amalanken da ke ɗauke da ita ba. Littafi ɗaya ya ce kore, wani ya ce ruwan toka.

Na ce, "Yaya, ba ka jin kunya? Makaho ka zo tambaya kala?"

"Celina, ba za ki gane ba. In kalar ta kuskure, aikin duk ya lalace."

Ka ji mutum! Bai tambayi maganin Baba ba, bai ga ƙafarsa da ta kumbura ba. Na so in kore shi da tsintsiya, amma ina tsoron tsohon ya gane abin da ya kawo ɗansa.

Baba ya karɓi igwar, ya jujjuya ta a tafin hannu. "Na gan ta da idona," in ji shi. "Kalar tana nan a kaina, sai dai ta ƙi fitowa. Ka dawo ranar Lahadi bayan coci, wataƙila na tuna."

Harrison ya tashi baki har kunne, ya mayar da abarsa cikin kwali, ya ja mota.

Na zauna ina huci. "Baba, ka faɗa masa kawai ya tafi can da shirmensa."

"Wace kala zan faɗa? Ni ban taɓa shiga gidan tarihin nan ba. Daga makaranta sai ɗaki, sanyi ya hana ni yawo."

Na ce, "To me ya sa ka ce masa ka gan ta?"

"Na san abin da ya kawo shi tun kafin ya zauna," ya ce. "Idona ne ya mutu, ba hankalina ba. Ke dai in ya zo Lahadi kar ki buɗe baki. In na ce masa kore, yaushe zan sake jin muryarsa a gidan nan?"