Hasken Ɗakin Kaka

Tun da ƙaninta ya shiga sashen aikin jarida ya daina amsa sunansa, wai a kira shi Darakta. Ita kuwa Yaya, da ke sayar da magani a kanti tana kuma jinyar kakansu, dariya ma ba ta yi masa ba.

Aikin da aka ba su a makaranta shi ne gajeren fim: a tsara, a yi bincike, sannan a ɗauka. Darakta ya zaɓi Kaka, don tsohon ya ba da labarin mahaifinsu da ya rasu suna ƙanana. Wannan kam ya taɓa ta. Ba ta da ko hoton babansu mai kyau, kuma Kaka kaɗai ya rage wanda ya san shi tun yarinta.

Sai aka shiga tsarawa. Kai, an ga tsari! Ya zo da farin kwali ya zana Kaka ta gaba, ta gefe, ta ƙeya, duk zanen kamar tukunya da hula. Ya auna taga. Ya kwana uku yana kallon finafinan wasu a waya, wai bincike. Ya ce hasken ɗakin bai yi ba da safe, da yamma kuma injin walda na maƙwabci yana ɓata sauti.

Tsohon shi kuwa kullum sai ya sa a ɗauko masa rigarsa ta fita, ya zauna bakin gado yana jira. Rannan ya fara: "Babanku fa, lokacin da ya gudu daga makaranta ya bi jirgin ƙasa..."

"A'a, Kaka, tsaya!" in ji Darakta. "Malaminmu ya ce faɗar farko ita ce mai rai. Ka ajiye wa kyamara."

"To ga waya nan, ɗauka mana," in ji Yaya.

Ya dube ta kamar ta ce ya ci da ƙafa. "Yaya, ba ki san aikin nan ba. Kada ki sa shi ya faɗa, za ki lalata mini komai."

Haushi ya kama ta, amma ta ajiye wayar. Kaka ma ya haɗiye maganarsa, don yana jin nauyin ɗan jami'a.

Kyamarar makaranta sai an bi layi. Kafin layi ya iso kan Darakta, jinin Kaka ya hau wata safiya, ya faɗi a banɗaki. Ya dawo daga asibiti da rai, amma baki ya karkace, harshe ya ƙi.

Ranar ɗauka Darakta ya zo da abokansa biyu, ɗaya na riƙe da fitila, ɗaya da sandar sauti, suna ta taka tabarma da takalmi. Hasken ya yi daidai, mai walda ma bai buɗe ba. Kaka ya dubi kyamara, leɓensa na rawa, yana ta ƙoƙari, miyau na zuba a haɓarsa. Hawaye ya biyo baya.

Yaya ta miƙa hannu da ƙyalle za ta goge masa.

"Kar ki shigo!" Darakta ya faɗa ƙasa-ƙasa, idonsa a kan allon kyamara. "Wallahi wannan ya fi maganar ƙarfi. Malam zai so shi."

Ba ta taɓa raina mutum kamar yadda ta raina shi a lokacin ba. Ta shiga tsakaninsu, ta ba kyamarar baya, ta goge wa kakanta baki.