Ruwan Cikin Injin

…ko kuma mura ce kawai. Me zai hana ta zama mura? Mutum na wuni bakin tekun Safakis yana sassaƙar jiragen kamun kifi, iska na dukansa, dole ya rame, dole ya yi zazzaɓi. Haka Munji yake gaya wa kansa, yana zaune a gidan yayansa Shadli bayan an sauko daga Juma'a, ga kuskus da kifi a gabansu yana tururi. Amma kwat ɗin da Shadli ya sa fa? Kwat a watan Yuni? Ga bel ɗinsa ma an huda sabon rami, da ƙusa aka huda, hudar ba ta ko daidaita ba…

Shekara goma sha tara Munji yana aiki a ɗakin tiyatar zuciya. Shi ba likita ba ne. Shi ne mai zama a bayan injin da ke karɓar jinin mutum idan an tsayar da zuciyarsa, ya sanyaya jinin, in an gama ya ɗumama shi a mayar. Ɗumamawar da ruwa ake yi. Tanki ne cikin wani akwati mai taya, da fanka a bayansa tana hura iska waje. Ruwan ba ya taɓa jini, ko kusa, haka aka koya masa, haka shi ma ya koyar. To wa zai yi tunanin fanka?

Jiya Alhamis Dakta Wasila, mai kula da yaɗuwar cuta, ta kira shi ofis ta tura ƙofa. Sakamakon ruwan tankin ya fito bayan mako bakwai. Akwai ƙwayar cuta a ciki, irin mai haƙuri. Fanka ke fesa ta a iska, ta sauka cikin ƙirjin da aka buɗe, ta lafe jikin sabon bawul ɗin zuciya, shekara ɗaya, biyu, har huɗu, shiru. Sai zufa, sai rama, sai gajiyar da ba ta da suna. Ta miƙo masa jerin waɗanda za a kira a duba. Mutum ɗari da goma sha huɗu. Na sittin da ɗaya, Shadli…

“Kullum sai na shanya zanin gado, Munji, sharkaf da zufarsa kamar an wanke,” in ji Najat, matar Shadli, tana ƙara romo. “Shi kuwa wai ni ce mai tsegumi.”

Tunis ya so zuwa. Shadli da bakinsa ya ce a kai shi babban birni a yi masa tiyatar. Wa ya hana? Haba Yaya, ina nan za ka je hannun baƙi? Ni zan riƙe jininka da kaina. Munji ya faɗa yana bugun ƙirji, gaban Ummi, Allah Ya jiƙanta, har ta sa masa albarka — bara waccan ke nan, watan Maris, ɗaki na biyu. Ɗaki na biyu wayar wutarsa gajera ce. Kullum sai an juya akwatin kafin ta kai bango, in an juya kuwa bayansa na fuskantar gadon. Ranar ya juya? Ya juya mana. Ko kuwa ranar ce aka kawo doguwar waya? A'a… bai sani ba. Ya tuna kalar hular mai ba da maganin barci, ya tuna sanyin ɗakin, wannan ɗaya ce ta ɓace masa.

Kuma yana wanke tankin. Yana wankewa! Duk yadda takarda ta ce, har sa hannu yake yi. Sai makon da maganin wankin ya ƙare a sito, da makon da aka jera tiyata biyar babu hutu. Mako biyu cikin shekara nawa? Su ne? Ko daga masana'anta injin ya zo da abinsa, Dakta Wasila ta ce hakan na faruwa. Ta faɗa ne don ta sanyaya masa rai?

In ƙwayar ce, sai a sake buɗe ƙirjin nan. A cire bawul, a sa wani, a sha magani shekara da wani abu. Wani ya tashi, wani… Shadli na da shekara hamsin da takwas. Cokali uku ya ci ya ajiye, yana ta tura tsokar kifi gefen Munji, kamar yadda yake yi tun suna yara.

“Kai ne likitan gidan nan,” in ji Shadli, yana share goshi da hannun kwat. “Gaya wa matar nan lafiyata ƙalau, ko na huta da bakinta. Zuciyar da ƙanena ya gyara, ai sai dai ta gaji da ni.”

Najat na kallon Munji, ludayi a hannu. Jira take. Su duka jira suke.

“Yaya… in an yi la'asar, mu ɗan taka zuwa wajen jiragen.”

“Lafiya?”

Lafiya. Daga nan zuwa la'asar awa biyu ne. Awa biyu, ya nemo kalmar da zai fara da ita — kuma duk wadda ya ɗauko, sai ya ji da sunansa, shi Munji, take farawa.