Ɗan Safara'u

Ambaliyar da ta ci Miga bara ba ta bar wa Inna Safara'u ko ƙwayar iri ba. Ɗaki ya faɗi, ba ta yi kuka ba. Rumbu ne da ya tafi da geronta ya sa ta zauna daɓas a ƙasa. Shekara talatin tana bin gona kafin girbi, duk zangarniyar da ta riga nuna ta ɗaura mata tsumma, ita ce irin baɗi. Har geron ya zama yana nuna kafin na kowa ya gama fidda kai.

Ɗanta Izzuddeen ya kawo mata iri daga Dutse, a leda mai rubutun Turanci. Ta sa masa albarka, ta tura ledar ƙarƙashin gado. Ita nata take nema, ga damina ta matso.

Ranar kasuwar Kiyawa ta hau a-daidaita, tana bin masu awo tana murza gero a tafin hannu. Duk ba shi ba. Sai a rumfar wani dattijo, Malam Idirisu, ta ga ƙwayar nan tata gajera mai duhu. Ta tambayi sunan geron.

"Hajiya, wannan ai ɗan Safara'u ne."

Bai san da wa yake magana ba, bawan Allah, sai zuba yake kamar rediyo. Wai wata tsohuwa ce a Miga ta ba wata Bafulatana cikin ƙoƙo, daga rugarsu ya bazu har ƙauyukan Kiyawa. Inna ta tuna matar sarai, mai kawo mata nono ce. Ya ma koya wa Inna yadda ake ɗaura tsumma a kara, kada ta lalata iri. Ita da ta ƙirƙiro abin! Ta saurara har ƙarshe, daɗi ya cika ta har wuya.

Da ta ƙulle geron a bakin zani, ta tambaya ko tsohuwar tana raye. Ya ce ya ji an ce ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta.

"Amin, in lokacin ya zo," in ji Inna. "Amma Malam, tsumman a wuyan zangarniya nake ɗaura shi, ba a kara ba. Ka gyara."