Ƙullin Baban Biyu

Uwar Biyu ta gaji da zaryar sito. Injin niƙanta na can ƙurya a ƙarƙashin tamfol, inda mijinta direba ya ajiye shi da sunansa kafin ruwa ya tafi da motarsa a gada. An ga motar, shi ba a gan shi ba. Ga tagwaye sun fara cin abinci kamar gara, kuma injin nan ne kawai abin da zai riƙe gidan.

Baba mai sito kuwa mutum ne da in ya kafe, ko da guduma ba ka cire shi. Doka ta ce kayan ajiya mai su kaɗai ake ba, magaji sai ya zo da shaidar mutuwa. Hukuma kuma ta ce ba gawa, ba shaida.

"Baba, don girman Allah. Kai ma ka san ya rasu."

"'Yata, abin da na sani ke nan ya hana ni barci," in ji shi. Ya ɗauki makullansa. "Zo ki gani."

Rana na tsaka, amma cikin siton duhu ne da sanyi. Suka bi ta tsakanin buhunan siminti da katan-katan na sabulu da aka jera har rufin kwano. Baba yana tafe yana bayani ƙasa-ƙasa. A siton nan kowa shi ke ɗaure kayansa da hannunsa, kuma kowa da irin ƙullinsa. Da ƙullin ake gane ko an taɓa kayan mutum, da shi kuma ake gane mai kaya ya leƙo. Muddin yana leƙowa, ba mai ikon ya ce kayan sun zama gado.

"Igiyar da mijinki ya bari ɓera ya cinye ta tuntuni," ya ce da suka isa wurin injin. "Wannan ban san wanda ya kawo ta ba."

Ta duƙa. Sabuwar igiya ce, an naɗe ta an soke bakin ta baya, yadda Baban Biyu ke ɗaure komai, har igiyar shanyar gidansu. Ta taɓa. A jiƙe take sharkaf, tana ɗiga a kan simintin da ya bushe ƙayau.

"Na yanke ta da wuƙa ya fi a ƙirga," in ji Baba. "Kafin in kai bakin ƙofa in kira 'yan dako, an mayar. 'Yan dakon ma yanzu ko an ninka musu kuɗi ba sa zuwa nan."

Tsoro ya kama ta, sai kuma haushi ya danne tsoron. Halinsa ke nan tun yana raye: ba ya yarda wani zai iya kula da abu in ba shi ba. Ko fitilar ɗaki ta mutu sai a jira shi.

Ta ɗaga gefen tamfol. Injin fes yake, an shafe shi da sabon mai. Ta ɗora tafinta a kan ƙarfen, ta ji shi da ɗumi.

Baba ya ja da baya. Ita kuwa ta zauna dirshan a ƙasa.

"Baban Biyu," ta ce. "Na gani. Sannu da ƙoƙari. Amma yaran nan ba mai za su sha ba. Na iya tada shi, kai ka koya mini. Ka bar mini haka."

Ɗigar ruwan ce kawai ta ci gaba, ɗis, ɗis, tana raguwa, har ta tsaya. Igiyar ta saki da kanta ta zame ƙasa.

Suka jira. Baba ya je har bakin ƙofa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo. Igiyar tana nan yashe yadda ta faɗi.

"To," ya ce a hankali. "A gabana mai kaya ya sallama. Bari in nemo amalanke."

Abin da ta daɗe tana roƙo ke nan. Ta sake ɗora hannu a kan injin, ta ji ya yi sanyi kamar kowane ƙarfe. Tun ranar da aka zo mata da labarin gada ba ta yi kuka ba, don kullum tana sauraren ƙofa. Da Baba ya dawo da 'yan dako, sai da suka tsaya daga nesa suka jira ta gama.