Mayafi na Ƙarshe a Kabarin Ngere

Shekara shida ke nan Papa Mataora yana wakiltar Sarki a tsibirin Rarotonga. Aikin bai wuce sa hannu a abin da majalisa ta riga ta yanke ba, sai rantsar da ministoci, sai zama a kujerar gaba har wuya ya ƙage da nauyin furannin da ake rataya masa. Sarkin yana can Landan, bai taɓa tambayar lafiyarsa ba.

Tun da matarsa ta rasu, ba mai gaya masa gaskiya sai yayarsa, Mama Tutai. Ranar Talata ta faɗo ofis, ta dire kwanon gwaza a kan takardu.

"Dokar faɗaɗa hanyar nan, kada ka sa mata hannu. Ta kan kabarin mijina za ta bi, a ƙofar gidana."

"Yaya, ba ni da ikon ƙi."

"To ikon me gare ka? Tutar mota?"

"Da direba."

"Dama tun kana yaro kai ne mai riƙe wa mutane kaya."

Tana fita ya sa hannu. Ya ci gwazar, ba gishiri.

Sai dai Ngere, mijin nata, bai cika shekara da rasuwa ba, ba a yi bikin buɗe dutsen kabarinsa na al'ada ba tukuna. Papa Mataora ya sa aka rubuta bikin buɗewar cikin ayyukansa na hukuma. Inda wakilin Sarki ya je da tuta, minista kan raka shi. Ya zaɓi na hanyoyi.

Ranar Asabar aka lulluɓe dutsen da mayafai goma sha biyar, ɗinkin hannu. Fasto na kiran suna, mai sunan ya taso ya yaye ɗaya: 'ya'ya, jikoki, abokan kamun kifi. Na ƙarshe na babban baƙo ne. Papa Mataora ya yunƙura, ya dafa gwiwa, ya koma ya zauna.

"Ɗana minista, ƙafar nan ta ƙi. Ɗauke mini."

Ministan ya dubi jama'a. Rabinsu su suka jefa masa ƙuri'a. Ya yaye mayafin, ya karanta sunan mamacin da ƙarfi kamar yadda aka saba. Mama Tutai ta rungume shi tana kuka, har da ƙari.

Bayan wata bakwai hanya ta iso. Daidai gidan ta yi wata 'yar lanƙwasa, injiniyoyi suka ce saboda magudanar ruwa ce. Kullum direbobi sai sun tsine mata. Ngere kuwa, wanda ko keke bai taɓa mallaka ba, yana kwance inda aka ajiye shi.